Fayil ɗin Maigida da Kundin Bincikena

A wannan watan ina so ki ba ni aron kunnenki in ba ki labarin wani karatu da na yi, wanda na shige shi da niyyar shekara biyu, amma sai da ya cinye mini huɗu. Kada ki ji an ce digiri na biyu ki ce ba layinki ba ne. Abin da na tarar a cikinsa ya shafi tukunyarki da makomar 'ya'yanki, musamman in maigidanki ma'aikaci ne.

Asalin maganar a ajin matan aure na Islamiyyarmu ta faro. Akwai wata ɗalibata mai hazaƙa da ba ta fashin zuwa, sai Allah Ya yi wa mijinta rasuwa, ya bar ta da yara biyar. Ma'aikacin gwamnatin tarayya ne. Bayan ta fita takaba sai na ga ta daina zuwa. Da na je gidanta, na iske ta da wata jakar leda cike da takardu. Ta ce, "Malama, kullum ina hanyar ofis. Sunansa da ke takardar albashi ya bambanta da na takardar fansho, shekarar haihuwarsa ma iri biyu ce, kuma wanda ya rubuta a matsayin makusancinsa mahaifinsa ne, shi ma ya daɗe da rasuwa." Sai da ta yi kusan shekara biyu tana wannan zirga-zirga, har ta sayar da keken ɗinkinta, kafin haƙƙin marayun nan ya fito.

Abin ya tsaya mini a rai. Da na sami gurbin digiri na biyu a fannin gudanar da mulki a 2019, ban yi wata-wata ba na zaɓi in yi bincike a kan garambawul ɗin da aka yi wa tsarin fansho, da yadda ya shafi matan da mazajensu suka rasu.

Da na fara karance-karance sai na gane ashe gyaran aikin gwamnati a Nijeriya tsohon zance ne. Tambayi iyayenmu labarin Udoji, za ki ga sun yi murmushi, don abin da suke tunawa shi ne ƙarin albashin 1974 da ariyas ɗin da aka sayi babura da rediyoyi da su. Amma kwamitin Jerome Udoji ya kuma ba da shawarar a sauya yadda ake gudanar da aikin kansa, a riƙa auna ma'aikaci da abin da ya aiwatar. Aka rungumi kuɗin, aka yi watsi da mafi yawan sauran. An sake wani garambawul a 1988 zamanin Janar Babangida, wanda daga baya aka warware da yawa daga cikinsa. Zamanin Obasanjo, a 2004, aka kafa SERVICOM domin talaka ya san haƙƙinsa a ofis, aka kuma yi dokar fansho ta adashin gata. A 2007 aka fara IPPIS, tsarin biyan albashi ta kwamfuta, domin maganin ma'aikatan bogi. A 2015 kuma aka tilasta wa hukumomin tarayya zuba kuɗaɗensu a asusu guda a Babban Banki.

Dokar fanshon ita ce zuciyar aikina. A da, gwamnati ce ke alkawarin biyan ma'aikaci daga kasafin kuɗinta idan ya yi ritaya, shi ya sa bashi ya yi ta taruwa, tsofaffi suna shan layi a rana. Dokar 2004 ta ce kowane ma'aikaci ya sami asusun ajiya da sunansa a hannun kamfanin fansho, ƙarƙashin kulawar hukumar PenCom, shi ya zuba kashi 7.5 cikin ɗari, wanda ya ɗauke shi aiki ya zuba kashi 7.5. Dokar 2014 ta mai da na ma'aikaci kashi 8, na wanda ya ɗauke shi aiki kashi 10. Ta kuma wajabta a yi wa ma'aikaci inshorar rai wadda ba ta gaza ninki uku na abin da yake samu a shekara ba. Sai dai wasu jihohi suna da nasu tsarin daban, don haka ki bincika wanne ne na maigidanki.

To 'yar uwa, ga abin mamaki. Gyaran da nake nazari a kai shi ne ya zo ya tsayar da ni. A watan Maris na 2020 malaman jami'a suka tafi yajin aiki, kuma IPPIS na cikin manyan abubuwan da suka jawo shi, ga annobar korona. Ba su janye ba sai Disamba. A 2022 suka sake tafiya daga Fabrairu zuwa Oktoba, wata takwas cur. Sai a Disambar 2023 gwamnati ta sanar da cire jami'o'i daga tsarin. A tsakanin nan na haihu, na yaye, babina na biyu yana kwance cikin durowa.

Ban ɓoye miki ba, na yanke shawarar bari. Ga aji safe da yamma, ga girki, ga goyo, ga malamin da ke duba aikina ya dawo mini da babin da na kwana uku a kansa ja-wur da biro, ya rubuta cewa labarin dokoki kawai na jero, ban ce komai ba. A adaidaita sahu na yi ta share hawaye har gida. Da maigida ya ji, sai ya ce, "Maman Abba, da kika fara, don wa kika fara?" Ban amsa ba, amma jakar ledar nan ta faɗo mini a rai. Daga ranar ya ɗauki nauyin kai yara makaranta, ni kuma na tsayar wa kaina awa ɗaya bayan sallar asuba, shafi ɗaya tak a kullum. Sannu ba ta hana zuwa.

Daga baya na gane malamin nan gaskiya ya faɗa. Na ajiye littattafai na shiga gidaje ina zama da matan da abin ya shafa. Abin da na yi ta ji daga bakinsu kusan iri ɗaya ne. Dokar ta tanadi haƙƙin, amma matar ba ta san sunan kamfanin fanshon mijinta ba, ba ta san lambarsa ba, ba ta ma taɓa jin akwai inshora ba. Wata ta ɗauka wanda aka rubuta a matsayin makusanci shi ne magaji, alhali shi wanda za a tuntuɓa ne kawai. Sai an samo takarda daga kotu kafin a saki kuɗin asusun, sannan a raba gado yadda shari'a ta tsara. Kwamfuta ta rage ɓatan fayil, amma ba ta da uzuri: in an rubuta Muhammad a nan, Mohammed a can, sai ta tsaya cik. Ma'aikatan da na zanta da su ma suna da nasu kukan, wani ga kwamfuta a gabansa, babu wuta, babu horo.

A 2023 na kare kundina a gaban malamai. Ranar da na karɓo shi ɗaure da baƙin bango, kafin in isa gida sai da na biya na nuna wa ɗalibar nan tawa. Ta shafa bangon ta ce, "Allah Ya sa wata ta huta da abin da na sha."

A aji nakan tuna wa ɗalibaina cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Sayyidina Umar kuma shi ya kafa diwani, rajistar da ake rubuta sunayen masu haƙƙi a baitulmali. Tsare rubutu da riƙon amana namu ne tun asali. Don haka gyaran da muke jira daga gwamnati, akwai rabonmu a cikin ɗakunanmu.

Ki sami lokacin da maigida ke cikin nishaɗi, ki yi masa maganar cikin ladabi. Na san wasu mazan za su ce fatan mutuwa ake yi musu. Ki nuna masa don yaransa ne. Ki roƙe shi ya duba ko sunansa da ranar haihuwarsa sun zo ɗaya a katin ɗan ƙasa da banki da fansho. Ya sabunta sunan makusancinsa. A haɗa takardar ɗaukar aiki da ta ƙarin girma da lambar fansho a wuri ɗaya da kika sani. In ke ce ma'aikaciyar, ki fara da naki fayil ɗin. Ni kaina sai da na duba nawa na tarar har yanzu sunan marigayiya kakata ne a ciki.

Ke kuma da kika jingine kundinki a babi na biyu, ki ciro shi daga durowa yau da daddare, ki karkaɗe ƙurar, gobe bayan asuba ki rubuta shafi ɗaya. Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, Ya jiƙan magabatanmu, Ya raya mana zuri'a. Wassalamu alaikum.