In Ganye Ya Yi Rawaya

Mu da muka taso a Arewa, da zarar ganyen shuka ya yi rawaya sai mu ce ƙishirwa ce, mu garzaya da bokiti. Wannan hukunci ya dace da ƙasar da daminarta ba ta wuce wata biyar. A nan Kudu kuwa, inda ruwa kan kwanta a gindin furannin ƙofar gida, galibi yawan ruwan ne cutar: saiwa ta rasa iska, ta ruɓe, ganye ya ɗashe tamkar mai jin ƙishi. Ƙara masa ruwa ƙarasa shi ne. Don haka nakan tura yatsa cikin ƙasa tukuna.

In ba ta jiƙe sharkaf ba, sai a duba ganyen da ya fara. Idan tsofaffin na ƙasa ne, ƙarancin naitirojin ne, domin shuka kan janye shi daga tsohon ganye ta ciyar da toho. Taki ko yuriya kaɗan ya wadatar. Idan kuwa sababbin na sama ne suka koɗe, jijiyoyinsu na nan kore shar, to sinadarin ƙarfe suka rasa, shi kuwa ba ya ƙaura daga ganye zuwa ganye. Abin mamaki, ƙarfen yana nan cikin ƙasar. Toka ko ɓaraguzan siminti ne suka hana saiwa shan sa. Furen Ixora na jikin katangun gidajen malamai ya fi saurin nuna haka. A daina zuba masa toka, a kwashe ɓaraguzan, a turbuɗa ruɓaɓɓen ganye a gindinsa.