Baƙin Ɗoɗɗoyata

Ya kai mai karatu, ka taɓa barin ɗoɗɗoya ta yi fure? A gidanmu da ke Sabon Gari, a Keffi, domin miya kawai na shuka ta. Wata damina na bar tushe biyu ban tsinke kansu ba. Da suka yi fure, kullum da hantsi sai ga malam-buɗe-littafi da ƙudan zuma.

Ran nan na ga tsutsotsi a ganyen, na fesa magani. Baƙina suka ɗauke ƙafa. Na manta cewa daga tsutsa malam-buɗe-littafi yake fitowa.

Tun daga ranar na daina feshi, kuma sannu a hankali suka dawo. Idan ka shuka taka, ka bar wa baƙi rabonsu.