Ranar da ajiye AA ya fi riƙe shi: zare kan gasar poka

1/ Jama'a, zaren yau na lissafi ne. Na daɗe ina bin gasar poka ta Las Vegas, kuma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne lokacin da mutum ke riƙe da kati mai ƙarfi, amma ya tura shi gefe tun kafin a buɗe fulof, wato katuna ukun farko na tsakiyar tebur.

2/ Kafin wani ya hau ni: hukuncin caca a addini sananne ne, ba na gayyatar kowa ya sa kuɗinsa. Ƙwaƙwalwar da ke cikin wasan nake magana a kai. To mu je.

3/ A Texas Hold'em kowa na karɓar kati biyu a rufe. Mafi ƙarfi shi ne AA, kuma sau ɗaya yake zuwa cikin rabo 221. Idan ya haɗu da kati na kan-mai-uwa-da-wabi, yana ci kusan kashi 85 cikin 100. Da KK kuwa, wajen kashi 82. Wa zai yar da wannan?

4/ A wasan kuɗi na yau da kullum, babu. Cips ɗinka kuɗi ne kai tsaye, in sun ƙare ka sayi wasu. Gasa daban take: cips suka ƙare, ka tashi kenan. Shi ya sa cips ɗin da ka rasa ya fi wanda ka ci tsada.

5/ Ga misalin da nake ba kowa. Mutum uku suka rage, cips daidai wa daida. Kyauta: na ɗaya 50, na biyu 30, na uku 20. Darajar kujerar kowa yanzu 33.3 ce.

6/ Wani ya zuba duka, ka amsa. Ka faɗi, ka tashi da 20: asarar 13.3. Ka ci, kana da biyu bisa uku na cips, darajarka ta koma 43.3: ribar 10 kacal. Ka ga kana sa 13 don neman 10. In an bar kuɗin dole gefe, sai kana da damar kusan kashi 57 kafin amsawar ta biya kanta.

7/ Yanzu duba. AK a gaban QQ yana tsakanin kashi 43 zuwa 46. Ita kanta QQ a gaban AK wajen 54 zuwa 57 take. Wato katin da kake wa kirari a farkon gasa, a nan da ƙyar yake kai bantensa. Wannan lissafi shi ake kira ICM. Tushensa aikin David Harville ne na 1973 kan tseren dawaki, Mason Malmuth ya shigo da shi poka.

8/ Inda abin ya fi tsanani shi ne satalait, ƙaramar gasar da kyautarta kujera ce a babbar gasa. Ta wannan hanyar Chris Moneymaker ya bi a PokerStars a 2003, ya samu kujerar dala 10,000 a babbar gasar WSOP, ya tashi da dala miliyan 2.5.

9/ A satalait na ɗaya da na goma abu ɗaya suke samu. A ce kujeru 10 ne, kun rage 11. Kana da cips madaidaici, ga wani can cips ɗinsa ba zai kai zagaye ɗaya ba. Sai mai tulin cips ya zuba duka, ka leƙa ka ga AA.

10/ Ka ajiye, kujerarka kusan tabbas ce, a ce kashi 95 ko fi. Ka amsa, ka mayar da ita 85, kuma ko ka ci ba a ƙara maka komai. A nan ni dai ajiyewa zan yi, ko gezau. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

11/ KK fa? A farkon gasa, cips da yawa, ka ɗaga, wani ya ƙara, ka ƙara, ya sake ƙarawa. Tambayar ita ce: wane ne shi? Kana riƙe da KK, hanyoyin da zai samu AA guda 6 ne, AK 8, QQ 6. In mai zafin hannu ne da ke yin haka da dukkansu, ka amsa. In mutumin da ya yi awa uku bai motsa ba ne, AA ne a hannunsa, kai kuma kashi 18 gare ka.

12/ Amma a yi hattara, nan ne masu koyo ke zamewa. Wani zai ji an ce ana ajiye AA, sai ya mayar da tsoro dabara. Na sha ganin mai yar da JJ da AK a tsakiyar gasa ba gaira ba dalili, kuɗin dole na ta cin cips ɗinsa har ya ƙare a tsaye. A gasar da na ɗaya ke kwashe kaso mai tsoka, AA kusan ba a ajiye shi ko kaɗan.

13/ Kuma akwai bambanci tsakanin kai ka zuba da ka amsa wa wani. Mai zubawa na da hanya biyu ta ci: a gudu a bar masa, ko katinsa ya yi nasara. Mai amsawa hanya ɗaya gare shi. David Sklansky ya yi bayanin wannan tazarar a littafinsa na gasar poka na 2002.

14/ Ni abubuwa huɗu nake dubawa: saura mutum nawa a shiga kuɗi, yaya aka tsara kyautar, wanda ya zuba ya fi ni cips ko na fi shi, sannan akwai wanda ke dab da fita? In duka huɗun suka ce zauna, ƙarfin katin bai isa ya tashe ni ba.

15/ Masu bin wasan, ga tambaya: kujeru 10, kun rage 11, amma wannan karon kai ne mafi ƙarancin cips a ɗakin, kuma KK ne a hannunka. Me za ka yi? Ina jiran amsoshinku a ƙasa.