Godzilla na 1954 da darasin uraniyom

Iyaye da yawa a nan Madawa sun ɗauki finafinan dodanni a matsayin shirme, abin da ke hana yaro barci da karatu. Game da yawancin waɗanda yara ke tura wa juna a salula, ba ni da ja. Amma akwai tsofaffi da ya kamata uba ko malami ya zauna ya kalla tare da yara, kuma na gabansu a wurina shi ne Godzilla na farko, wanda Ishiro Honda ya shirya a Japan a 1954.

Fim ne baƙi da fari. Dodon ma mutum ne, Haruo Nakajima, cikin rigar roba mai nauyin kusan kilo 100, yana tattake ƙananan gidaje da aka ƙera kamar birnin Tokiyo. Yaran da suka saba da hoton kwamfuta dariya suke fara yi. Dariyar takan ɗauke idan an zo wurin asibiti, inda likita ke kara na'urar auna gubar nukiliya a jikin yaro, ita kuwa tana ta ƙara.

Dodon tatsuniyarmu yana zaune a ruwa ko a daji, ba wanda ke tambayar abin da ya kawo shi. Wannan kuwa mutane ne suka tashe shi da gwajin bam. Ranar 1 ga Maris 1954 Amurka ta gwada bam a tsibirin Bikini, tokarsa ta zubo wa wani jirgin masuntan Japan mai mutum 23. Ɗaya daga cikinsu ya rasu a Satumba, fim ɗin ya fito a Nuwamba, shekara tara kacal bayan Hiroshima.

Abin da ya sa nake nuna wa ƴan ajina na CM2 ke nan. Sun haddace cewa Nijar tana da uraniyom a Arlit, sun san titin da ya tashi daga Tawa zuwa can, amma kalma ce kawai ta cin jarrabawa. Bara, da muka gama kallo, wata yarinya ƴar asalin Buza ta ce, "Mushe, da namu aka yi bam ɗin?" Na ce a'a. Na Hiroshima galibi daga mahaƙar Shinkolobwe ta Kwango ya fito, namu sai 1971 aka fara haƙarsa. Sai dai na gaya mata cewa an rufe mahaƙar Cominak a 2021, kuma tarin ƙasar da aka tace, miliyoyin tan, yana nan jibge kusa da Akokan, inda yara sa'o'inta ke zaune. Ranar mun wuce lokacin tashi.

Ba kowane tsohon fim nake yabo ba. King Kong na 1933 gwanin ban sha'awa ne, amma yadda ya nuna baƙaƙen mutanen tsibirin kamar marasa hankali ya sa ba na barin yaro ya kalle shi ba tare da babba a kusa ba.

Wanda zai nemi Godzilla ya lura, iri biyu ne. Na Amurka na 1956, mai ɗan wasa Raymond Burr, an yanke masa maganganu da yawa na bam. A nemi na Japan mai fassarar Faransanci a ƙasa, kuma ƙananan da ba su kai shekara goma ba a bar su tukuna.