Gam a Kan Ƙarfe

Tun da injin ban-ruwa ya kori jigo daga fadamun ƙasarmu, arzikin manomin rani ya rataya ga ɗan ƙarfen da bai kai kan yatsa ba. Mu nan Tozai, cikin ƙasar Illela, duk mai albasa ya san idan inji ya tsaya lokacin bazara, kwana kaɗan sun isa wahalar wata uku ta tashi a banza. Don haka nake so in yi magana a kan wani gyara da ya yawaita, watau liƙe gurbin wannan ƙarfe da gam.

Ga yadda abin yake. A cikin inji akwai sandan ƙarfe mai juyawa, wanda makanikai ke kira karanshaf. A bakinsa an sassaƙa ɗan gurbi, a cikin gurbin kuwa ana sa wani ɗan ƙarfe, sau da yawa mai siffar rabin wata, ana ce da shi ki. Ƙaramin injin fetur yakan juya har sau 3,600 cikin minti ɗaya, watau sau 60 cikin daƙiƙa. Idan noti ya saki, sai ki ya riƙa bugun bangon gurbinsa har gurbin ya buɗe, kamar yadda guga ke cin bakin rijiya.

Gam ɗin da ake liƙewa da shi irin mai bututu biyu ne, ba ya daskarewa sai an gauraya su. Wanda aka fi sani shi ne Araldite, wanda kamfanin Ciba na ƙasar Suwizalan ya fitar a 1946. Lalle yana da ƙarfi, amma yana da abokan gaba uku: mai, zafi da bugu. Ba ya kama ƙarfen da ke da maiƙo, kuma irin wanda ake sayarwa a kasuwa yakan yi laushi tun zafi bai kai na tafasar ruwa ba.

To, gyaran yana daɗewa ko kuwa? Na ga iri biyu da idona. Maƙwabcina ya liƙe gurbin injin ban-ruwansa, ya yi rani biyu da shi lafiya. Wani mai injin niƙa a unguwarmu ya ga haka, shi ma ya liƙe nasa, ko mako bai cika ba gam ya zama gari, mata suka kwashe hatsinsu suka kai wani wuri. Mutane suka ce sa'a ce ta bambanta. Da na tambayi wani tsohon makanike a kasuwar Illela ran Lahadi, sai ya ce, "Malam, ba sa'a ba ce. Duba bakin sandan, can amsar take."

Gurbin maƙwabcina yana gefen da babban faifai mai maganaɗisu yake, wanda ke ba fulogi wuta. Bakin sandan a nan tsukakke ne, kamar ƙotar fartanya. Idan aka ɗaure noti tamau, faifan yakan cije sandan, wannan cizo kuwa shi ke ɗaukar nauyin juyi. Aikin ki a nan shi ne ya tsai da faifan daidai wurinsa, domin wuta ta tashi a kan lokaci. Gam bai ɗauki kaya ba, shi ya sa ya daɗe.

Gurbin mai niƙa kuwa yana gefen fuli, inda bel ke jan injin niƙa. Sandan a nan miƙaƙƙe ne, saboda haka ƙarfin inji ta kan ki yake bi. Duk juyi sai ki ya matse gam, ga zafi, ga girgiza. Abin da ya ci ƙarfe, ina zai bar gam?

Ya kai mai karatu, idan gurbinka na tsukakken baki ne, ka wanke shi sarai har maiƙo ya fita, ka sa sabon ki, ka cika gefen da gam, kada ka bari ya taɓa jikin tsukakken bakin. Ka ɗaure noti sosai, sa'an nan ka bar shi kwana ɗaya cur kafin ka ja igiya. Bayan aikin yini, ka sake duba notin. Idan inji ya fara fizge igiya daga hannunka, wataƙila faifan ya goce, ka tsaya ka buɗe.

Idan kuwa na gefen fuli ne, kada ka dogara ga gam sai dai don ka ƙarasa aikin yini. Ka kai sandan Sakkwato ko Ƙonni, wurin masu injin feƙe ƙarfe, su sassaƙa sabon gurbi a ɗaya gefen, ko su faɗaɗa tsohon su sa ki mai kauri. Kuɗin motar da na aikin ba su kai hasarar fadama guda ba, araha kuwa ba ta ado.

Ni dai ban raina gam ba, gama ya fid da mutane da yawa daga kunya. Amma kafin a matsa bututu, a fara tambaya: wa ke ɗauke da kayan, sandan ko ki? Wanda ya san amsar wannan ya san kwanakin gyaransa tun bai fara ba. Allah ya ba mu rani mai albarka, amin.