Karen Da Ke Jin Kira

Idan kaka ta wuce, an kai dawa rumbu, ciyawa ta bushe, sai lokacin farauta ya kama. A Tarai, cikin ƙasar Kibiya, kudu da birnin Kano, da sauran garuruwan da ke kewaye da Rano, samari su kan sa rana su fita daji. Tun da asuba a kan ji kiɗa. Kowa ya ɗauko sandarsa da addarsa, ya rataya goran ruwa, ya jawo karensa da igiya. Abin da su ke nema bai wuce zomo da gafiya da kurege da makwarwa ba, in an yi sa'a a sami gada.

Farauta neman nama ce, amma kuma gasa ce. Da zomo ya tashi sai a saki karnuka, su bi shi cikin ƙaya, su tsallake kunyoyi, su ratsa tsakanin duwatsu. Karen da ya riga kamawa, naman na ubangijinsa ne. Saboda haka samari da yawa ba su duba kome ga kare sai gudu. Amma tsofaffin mafarauta sun san akwai abin da ya fi gudu.

An yi wani tsoho a Tarai, yana da wata 'yar karya ja. Ba ta da girma, ba ta kuwa fi sauran karnuka sauri ba. Tun tana kwikwiya ya ke koya mata aiki. Kullum da la'asar sai ya kai ta bayan gida, ya jefa tsumma. In ya yi fito sau ɗaya, ta tafi ta ɗauko. In ya yi sau biyu, ta tsaya cik, ta komo wurinsa. In ta yi daidai, ya ba ta ɗan ƙanzo, ya shafa mata kai. In ta kuskure, ba ya dukanta, sai dai su sake.

Wata rana jikansa ya ce, "Kaka, karen maƙwabcinmu ba a koya masa kome ba, ga shi kuwa ya fi kowane kare gudu a garin nan. Don me ka ke wahalad da kanka?"

Tsoho ya yi dariya, ya ce, "Kai dai, abokina! Gudu, da shi aka haife shi. Jin kira kuwa sai an koya. Bari dai rani ya yi."

Da rani ya yi aka fita. Wajen hantsi zomo ya tashi, ya miƙe sai hanyar mota. Karen maƙwabci na gaba, 'yar karya na biye. Can sai ga wata babbar mota tafe, cike da buhunan hatsi. Tsoho ya yi fito sau biyu. Nan take 'yar karya ta ja ta tsaya, ta juyo. Maƙwabci kuwa ya yi ta kira har muryarsa ta dishe, karensa ko waiwaye. Direba ya taka birki, amma ina! Kare dai bai mutu ba, sai ƙafa da ya rasa, bai kuwa ƙara zuwa farauta ba. Ran nan tsoho ya koma gida ba zomo, amma ya koma da karyarsa, ta yi shekaru tana kama masa nama.

Malamanmu ma sun yi maganar wannan a cikin littattafan fiƙihu. Sun ce alamar karen da ya koyi farauta ita ce, in an tura shi ya tafi, in an tsawata masa ya tsaya.

Can a Ingila kuwa har gasa a ke yi a kan wannan hali. A shekarar 1978, a birnin Landan, wajen babban bikin nuna karnuka da a ke kira Crufts, waɗansu Turawa biyu, John Varley da Peter Meanwell, suka shirya wani sabon wasa don 'yan kallo. Mutane suka so shi ƙwarai. A 1980 ƙungiyar masu karnuka ta ƙasar ta amince da shi, daga nan ya bazu zuwa Faransa da Amurka da sauran ƙasashe.

Ga yadda a ke yi. A kan jera abubuwa wajen 20 a fili. Akwai shingayen da kare zai tsallake. Akwai wani dogon bututu na tamfol da zai shiga ya fita ta ɗaya bakin. Akwai katako mai rinjaya, wanda zai hau ta wannan gefe ya sauka ta wancan. Akwai kuma sanduna 12 da aka kafa a jere, ya riƙa ratsa su, dama, hagu, dama, hagu, kamar mai saƙa. Mai kare yana gudu a gefe, ba igiya, ba sanda, ba abinci a hannunsa. Ba a yarda ya taɓa karen ba. Da murya da nunin hannu kaɗai zai bi da shi.

Alƙali yana tsaye, agogo yana aiki. In kare ya ka da sandar shinge, a rubuta masa laifi 5. In ya bar abin da ke gabansa ya bi wani dabam, an fid da shi ke nan. Kowace gasa kuwa sai an sake jerin. Mai kare ne kaɗai a kan bari ya zaga fili ya gani kafin a fara. Watau kare bai san hanya ba, sai abin da ubangijinsa ya gaya masa. Sau da yawa ba a cika minti ɗaya sun gama. Karnukan da suka fi yin suna a wannan wasa irin na masu kiwon tumaki ne na kan iyakar Ingila da Sikotlan, waɗanda tun kakanninsu da fito makiyaya ke sarrafa su.

To, yara, ku lura. Ko a filin Turawa ko a dajin Tarai, kare mai sauri wanda ba ya jin kira, saurinsa shi ke kai shi ga kuskure. Sanda kuwa ba ta koya wa dabba kome sai tsoro, kuma wanda ke tsoronka ba ya zuwa in ka kira shi. In an ba ɗayanku kare, ko jaki, ko ɗan maraƙi, ya ciyad da shi, ya koya masa abu ɗaya yau, ɗaya gobe. Sannu ba ta hana zuwa.