Zoɓo, kanwa da darasin kemistiri a tsakar gidanmu

Ranar Asabar da ta wuce na je gida Ruwan Bago gaida Hajiya. Bayan la'asar ina zaune a tsakar gida sai na ji 'yar ƙanena, wadda ke aji biyu na babbar sakandare, tana ta maimaita wani abu da Turanci kamar mai tilawa. Na ce me kike haddacewa haka? Ta ce, "Baffa, kemistiri ne. Wai asid yana mayar da shuɗiyar takardar litmas ja." Na ce kin taɓa ganin takardar? Ta yi dariya ta ce a hoton littafi dai.

Wallahi sai jikina ya yi sanyi, don ni ma haka na yi nawa karatun shekara kusan talatin baya. Malaminmu, Allah ya saka masa da alheri, da alli yake zana mana kwalaben gwaji a allo, mu kwafa. Littafin Ababio guda ɗaya muke karɓa-karɓa mu wajen goma. Ranar da aka fara ce mana akwai asid akwai alkali, mun ɗauka alƙalin kotu ake nufi, har wani ya tambaya wa zai yanke wa hukunci. Ban riƙe buret da hannuna ba sai ana saura 'yan makonni jarrabawar WAEC, kuma ranar furaktikal hannuna rawa yake yi, na zarce ma'auni har sau biyu. Daga nan na haƙura da likitanci, na karkata wani fannin a jami'a. Alhamdulillahi, ban raina inda Allah ya ajiye ni ba, amma abin yana raina.

Sai na ce wa yarinyar ta ɗebo ruwan zoɓo wanda ba a sa wa sukari ba, ta raba kofi uku, ta jiƙo kanwa, ta kawo lemon tsami. Ta matsa lemo a kofi na farko, jan ya ƙara haske. Ta zuba ruwan kanwa a na biyu, nan take ya rikiɗe ya yi duhu, kore-kore. Na ce to ƙara lemo a kansa. Tana zubawa ya ɗan yi kumfa, ja ya dawo. Ta dube ni ta ce, "Baffa, ashe wannan ne?" Na ce shi ne. Zoɓon ya yi aikin litmas, lemo asid, kanwa alkali, abin da ya faru a kofin kuma shi ne ɗaya ya kashe kaifin ɗaya.

Hajiya na gefe tana tsince wake, ta ce, "Yo wannan ne karatun? Ai tun ina budurwa nake sa kanwa a yakuwa ta kashe tsami." Gaskiyarta. Kalmar alkali ɗin ma daga Larabci Turawa suka ɗauke ta, kuma asalin ma'anarta tokar tsirrai, irin wadda iyayenmu ke tacewa su yi ruwan toka, da ita ake sabulun salo, da ita marinan Ƙofar Mata ke haɗa baba. Abin yana cikin gidajenmu, amma yaro zai gama sakandare ba wanda ya ce masa ga dangantakar.

Da dare mahaifinta ya shigo yana ƙorafin tsadar taki. Na ce ta ɗauko biro. A darasin nauyin ƙwayoyin sinadari an koya musu cewa nauyin yuriya 60 ne, kuma 28 daga ciki naitirojin ne. Ta raba, ta samu kashi 46 cikin 100 da ɗan ɗoriya. Na nuna mata lambar 46 da ke jikin buhun da ke zaure. Wato a buhu mai kilo 50 akwai naitirojin kilo 23, shi kuwa NPK 15-15-15 kilo 7 da rabi ne, sauran amfaninsa na fosfaras da fotash ne. Na ƙara da cewa yuriyar da aka watsa a saman ƙasa ba a rufe ba, wani kaso nata iska ke kwashewa a matsayin amoniya, shi ya sa malaman gona ke cewa a tona a binne. Ƙanena ya yi shiru, can ya ce shi dai shekara da shekaru watsawa yake yi.

Jama'a, wannan darasi ba na masu son zama likita kaɗai ba ne. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara, saboda ana daka duwatsun zinare a cikin gida. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da wakenmu saboda yawan maganin ƙwari a jikinsa, kuma mu muke cin wanda bai fita ba. Kowace shekara sai mun ji iyali sun kwanta da janareta a kusa da ɗaki ba su tashi ba, don iskar da ke kisan ba ta da wari ba ta da launi. Duk waɗannan suna cikin abin da ake koyarwa a sakandare.

Kuma Kano ba baƙuwa ba ce a harkar. Tun 1977 aka buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, kowa ya san yawan likitoci da injiniyoyin da suka fito daga can. Amma yara nawa za su ɗauka? Mafi yawan 'ya'yanmu na Rogo da Ƙaraye a makarantun jeka-ka-dawo suke. A watan Yunin 2024 gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Ni ma'aikaci ne, na san tafiyar fayil daga wannan tebur zuwa wancan, don haka roƙona shi ne idan ana lissafin azuzuwa da kujeru, a tuna da ɗakin gwaje-gwaje da malamin da zai tsaya a cikinsa, musamman a karkara.

Mu ma da namu laifin. Ƙungiyoyinmu na tsofaffin ɗalibai, abin da muke kashewa a taron shekara guda ya isa ya sayi buret da fifet da takardar litmas na aji guda. Malamai kuma, don Allah in an bayar da ma'ana da Turanci saboda jarrabawa, a ƙara minti biyar a warware da Hausa, a kawo kanwa da tsamiya aji. Ba faɗuwa ba ce.

Kafin in taho ranar Lahadi yarinyar ta biyo ni har bakin mota ta ce, "Baffa, in na kai zoɓon makaranta malam ba zai ce na raina shi ba?" Na ce ta same shi a ofis cikin ladabi ta nuna masa tukuna. Ni kuma na yi mata alkawarin buret ɗaya idan albashi ya shigo. 'Yan ajinmu da ke nan, wa zai ƙara na biyu?